Yadda Aka Shigar da Alhaji Sallau Cikin Waya

Duk wanda ya bi ta Unguwar Gangare kwanan nan ya ga an fasa gefen titi, an jibge rodi da siminti, leburori na ta haƙar sabuwar kwata. In ka tambayi 'yan unguwar yadda aka yi aikin ya samu, kowa da irin bayanin da zai ba ka. Amma ka ce a ba ka labarin hoton Alhaji Sallau, nan za ka ga an gyara zama, har mai shayi ya rage wa tukunyarsa wuta don kar a yi ba shi. To ga yadda abin ya kasance.

Unguwar Gangare dai a kwari take. Duk ruwan da aka yi a gari, can yake gangarowa ya yada zango. Tsohuwar kwatarsu tun gidajen unguwar ba su kai hamsin ba aka haƙa ta, yanzu kuwa ta cike da leda da yashi, damina na faɗuwa sai ruwa ya ƙyale ta ya bi ta cikin gidajen mutane. Shi ya sa shekara shida da suka wuce aka kafa wata 'yar ƙungiya, aka sa mata suna A Gyara Mana Kwata. Aikinta ɗaya ne tak, ta yi ta kai kuka wurin hukuma har a ji.

Shugaban ƙungiyar shi ne Alhaji Sallau mai shagon katifu. Mutumin kirki ne, wannan ba mai musu. Duk shekarar da ruwa ya ci gidaje, motarsa ce ke kwashe wa mutane kaya, kuma ba ya jira a roƙe shi. Abu ɗaya ne dai Allah ya jarabce shi da shi: yana son hoto. Ko ɗaurin aure aka je, in mai hoto ya ɗaga kyamara, sai ka ga Alhaji ya ɓullo kusa da ango kamar daga ƙasa ya tsiro. Sakatarensa kuwa Malam Haladu ne, tsohon malamin firamare, mutum mai sanyin magana da ciwon gwiwa.

Bana sai majalisar ƙaramar hukuma ta ba da sanarwa cewa duk unguwar da ke da babban koke, ta kawo shi a rubuce da sunayen mazauna dubu ɗaya da ɗari biyar, kowa da lambar wayarsa, kafin zaman da za a yi nan da sati huɗu. Wanda ya cika, za a sa aikinsa a gaba. Wanda bai cika ba, sai baɗi, in da rabo.

Malam Haladu ya ɗauki takarda da biro ya shiga bin gidaje. Ya je nan a ce maigida ya tafi kasuwa, ya je can a ce matar gida na wanka. Kwana biyar ya yi yana wannan zirga-zirga, ya samu suna ɗari biyu da 'yan kai, gwiwarsa ta ce ba ta san zancen ba. Sai ya tuna ai ƙungiya na da shafin intanet, kuma a ciki akwai wurin sa hannu. Aka yi sanarwa a masallaci, aka faɗa a Islamiyyar matan aure, aka faɗa a bakin famfo. Kowa ya ce to. Bayan sati guda da aka duba, mutum goma sha tara ne suka sa hannu.

Nan ne Malam Haladu ya aika aka kira masa Kubura.

Kubura tsohuwar ɗalibarsa ce, shi ya koyar da ita a aji huɗu. Yanzu matar aure ce da 'ya'ya biyu, sana'arta gina wa makarantu da shagunan magani shafukan intanet. Gidan mahaifiyarta kuwa shi ne na can ƙarshen gangaren. Bara da idonta ta ga ruwa har gwiwa a ɗakin tsohuwar, keken ɗinkinta ya yi tsatsa, buhun gero ya tsiro a inda yake. Don haka ba ta bari Malam ya gama roƙo ba ta ɗauko jakarta ta biyo ɗan aike.

Ofishin ƙungiyar wani ɗan ɗaki ne a jikin shagon Alhaji. Ta iske su su biyu gaban wata ƙatuwar kwamfuta. Bayan an gaisa, Alhaji da kansa ya buɗe mata shafin, yana murmushi kamar mai nuna sabon gida.

Gaskiya a kwamfuta abin ya yi kyau. Ga Alhaji a tsaye cikin babbar riga ruwan ƙasa, hula ta sha kari, hannu ɗaya a ƙirji. Ƙarƙashinsa jawabin maraba, sakin layi goma sha ɗaya. Sai hotunan 'yan kwamiti, sai tarihin shugaba, sai hoton shugaba yana gaisawa da wani babban baƙo.

"Kin gani ko, 'yata?" in ji Alhaji. "Wani injiniya ne daga birni ya yi mana. Shafin ba shi da aibu. Mutanenmu ne ba su da kishi."

Kubura ta ce, "Ya yi kyau, ranka ya daɗe. Malam, ɗan ara mini wayarka."

Malam Haladu ya zaro wata 'yar waya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure murfinta da roba. Kubura ta rubuta adireshin shafin, ta ajiye wayar a kan tebur tsakaninsu. Suka zuba mata ido.

Fari fat. Can sai wani ɗan zane ya fara saukowa daga sama, a hankali, kamar ana sauke labule. Malam ya gyara tabarau ya ce, "Wannan kamar taswirar unguwa ce."

"Hula ce, Malam," in ji Kubura.

Aka jima, hula ta gama sauka, goshi ya biyo baya. Aka ƙara jimawa. Daga nan sai ido ɗaya na Alhaji ya fito ya cika fuskar wayar gaba ɗaya, ya tsaya yana kallon Malam Haladu. Malam ya ɗan ja da baya.

Kubura ta danne dariyarta da ƙyar. Ta ce, "To Malam, nemo mana wurin sa hannu."

Malam ya ja hoto hagu, kunne ya fito. Ya ja ƙasa, ya faɗa cikin jawabin maraba, rubutu ƙanana kamar tururuwa, kowane layi sai an ja shi gefe kafin a ga ƙarshensa. Ya yi ta ja, ya yi ta ja, har yatsansa ya yi gumi. Da ƙyar ya iso wani ɗan rubutu a lungu da aka ce Sa Hannu Nan. Ya danna, yatsa ya haɗa da na kusa da shi, sai ga Tarihin Shugaba ya buɗe, hula ta sake fara saukowa.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Wannan laifin waya ne. Wayar ce ƙarama."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Kubura. "Sai dai irinta ce a hannun kowa. A unguwar nan gida nawa ne ke da kwamfuta?"

Alhaji ya fara lissafi da yatsu. "Akwai wannan. Akwai ta gidan likita." Ya dubi yatsa na uku. "Ta likitan ma na ji an ce ta lalace."

"To ka gani. Su goma sha taran nan da suka sa hannu, ni a ganina lambar yabo ya kamata a ba su."

Malam Haladu ya yi tari don kar a ji dariyarsa. Alhaji ya ce to, ta je ta gyara, amma ta kula, kar ta taɓa mutuncin ƙungiya.

Kwana huɗu Kubura ta yi a kan aikin. Ta ajiye babbar kwamfutarta gefe, komai ta yi sai ta gwada shi a tsohuwar wayar mahaifiyarta, wadda ko hoton biki aka turo mata sai ta yi nishi kafin ta buɗe. Ta kwashe duk wani abu mai nauyi. A can sama ta sa magana ɗaya da manyan baƙaƙe: Ruwa na shiga gidanku? Sa hannu a gyara kwata. Ƙarƙashi ta sa wani kore shar ɗin madanni, faɗinsa ya kai babban yatsan ƙato. In ka danna, abu uku kawai za a tambaye ka: sunanka, layinku, lambar wayarka. Shi ke nan.

Sai ta tuna da irin su mahaifiyarta, waɗanda karatun boko bai dame su ba amma saƙon murya ba ya wuce su. Ta je ta samu Malam Haladu ta ce ya yi bayani da bakinsa, daƙiƙa ashirin, ta ɗauka ta sa a shafin. Malam ya gyara zama, ya fara da sallama, ya gaida iyaye maza, ya gaida iyaye mata, ya gaida sarakuna da malamai da 'yan kasuwa, yana shirin shiga tarihin unguwa ta ce, "Malam, minti uku ke nan, ba ka ambaci kwata ba." Aka sake. A na biyar zakaran maƙwabta ya shigo. A na bakwai Malam ya manta sunan ƙungiyar da shi ya raɗa mata. Sai a na tara aka samu.

Ranar da ta kawo aikin, 'yan kwamiti sun cika ɗan ofishin. Ta miƙa wa Alhaji wayar Malam. Kafin ya gyara riƙo shafin ya buɗe. Aka yi ta "Masha Allah". Alhaji ya ja ƙasa, ya dawo sama. Ya sake ja ƙasa. Ya juya wayar ya duba bayanta.

"'Yata, ina nake?"

"Kana nan, ranka ya daɗe. Danna inda aka ce Su Wane Ne Mu."

Ya danna. Ga shi kuwa, cikin wani ɗan da'ira kamar kwabo, kusa da Malam Haladu da ma'aji.

"Wannan ne ni?" Ya matso da wayar kusa da ido. "Ai ko a katin zaɓe na fi haka girma! Ina jawabina?"

"Na taƙaita shi."

"Zuwa nawa?"

"Layi biyu."

Alhaji ya ajiye wayar a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce shi ba don kansa yake magana ba, Allah ya sani. Amma mutanenmu ba sa sa hannu a takardar da ba su san mai ita ba. Zamanin nan da 'yan damfara suka yi yawa, wa zai ba da lambar wayarsa ga koren madanni? Madanni ɗan gidan wa ne? Amma in suka ga fuskarsa, sun san inda shagonsa yake, sun san inda za su zo su kama shi.

Kubura ta ji maganar ta shige ta, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ta san in ta saki, hula za ta dawo.

"A ba ni rabin fuskar wayar," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, rabin ai shi ne wurin madannin."

"To kashi ɗaya cikin uku. Da sakin layi biyar."

"Alhaji, ba katifa muke ciniki ba," in ji ma'aji daga baya. Aka yi dariya, ban da Alhaji.

Kubura ta ga in aka biye wa wannan, ranar zaman majalisa za ta zo suna kan cinikin goshi. Sai ta ce, "Ga shawara. Kar mu yanke hukunci a ɗaki. Gobe da safe mu je wurin wainar Iya Asabe, inda kowa ke taruwa. A ba mutane tsohon shafi, a ba su sabo. Wanda suka iya, shi ke nan."

Alhaji ya amince nan take. Yana da yaƙinin unguwa ba za ta ba shi kunya ba.

Iya Asabe kuwa tsohuwa ce da ta haura saba'in, shekara arba'in tana toya waina a bakin layin masallaci. Ita ta goyi Alhaji Sallau yana jariri, lokacin tana 'yar budurwa a maƙwabtansu, don haka duk garin ita kaɗai ke kiransa da sunansa gatsau, ba Alhaji ba komai. Bara katangar gidanta ce ta fara faɗuwa. Tana da wata waya da 'yarta ta aiko mata, ba ta yin komai da ita sai sauraren saƙon jikoki.

Washegari da hantsi suka iske ta gaban tanda, mutane sun kewaye ta da kwanoni. Kubura ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata bayani, ta karɓi wayar Iya ta buɗe tsohon shafin a ciki ta miƙa mata. Iya ta riƙe waya da hagu, cokali a dama. Ta juya waina. Ta duba waya. Ta zuba wani ƙullun. Ta sake dubawa.

"'Yar nan, wannan hular ta wace ce?"

"Ki ɗan jira, Iya, yana zuwa."

Ta kwashe waina ta sallami mutum biyu. "Yauwa, ga goshi. Wannan goshin na san shi." Alhaji ya gyara tsayuwa yana murmushi, yana duban jama'a. Iya ta ci gaba da leƙe. "Ga ido. Ga wani abu kamar tulu."

"Hanci ne, Iya," in ji wani mai keke napep da ke jiran wainarsa.

Sai wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo, hoto ya tsaya cak. Iya ta miƙa wa Kubura ta ce ta karanta mata. Kubura ta duba, ta rasa yadda za ta faɗa. A hankali ta ce, "Iya, cewa suka yi datarki ta ƙare."

Iya ta ajiye cokali. "Sallau! Datar da zan ji muryar jikokina har Juma'a, ita hancinka ya shanye?"

Wurin ya kaure da dariya. Alhaji ya ce a yi haƙuri, shi zai sa mata wata, kuma dama sabis ɗin layin nan ba shi da ƙarfi. Kubura ta jona wayar Iya da tata datar, ta buɗe sabon shafin. Nan take ya fito. Ta nuna mata alamar lasifika, Iya ta danna, sai ga murya: Salamu alaikum jama'ar Gangare.

"A'a! Haladu ne a ciki!" Ta kai wayar kunne ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai. "To ai wannan magana ce. Ina koren?" Ta dangwala masa yatsa mai maiƙo. Ta faɗi sunanta da layinsu, Kubura ta rubuta mata, lamba kuwa ta haddace abarta. Kafin wainar da ke tanda ta yi ja an gama.

Mai keken nan, wani ƙato mai suna Barau da yatsunsa kamar rogo, ya ce a ba shi ya gwada a tasa. Ya gama yana tauna. Wata mata da ta zo sayen waina ta ce a tura mata, za ta sa a zauren Watsap na matan layinsu. Alhaji na tsaye, ba wanda ya tambayi inda jawabinsa ya tafi.

Sai Iya ta ɗago ta ce, "Amma tsaya, 'yar nan. Ni na ji muryar Haladu na yarda. Wanda bai san muryarsa ba fa? Ya san ko na su wane ne? Kar mutum ya ba da lambarsa, gobe a kira shi a ce ya ci mota."

Fuskar Alhaji ta washe kamar an kunna fitila. "Kun ji ko! Kun ji abin da nake faɗa! Iya, Allah ya ƙara miki lafiya."

"Ban ce a dawo da hancin ba," in ji Iya.

Kubura ta ce gaskiya ne, wannan kam ta yi kuskure, kuma Alhaji ya riga kowa gani. A nan bakin tanda ta zauna kan benci ta gyara. Ƙarƙashin madannin ta sa sunan ƙungiya, da sunan shugaba da sakatare, da kwatancen ofis: jikin shagon katifun Alhaji Sallau. Sannan wata dabara ta faɗo mata. Ta ce duk wanda ya gama sa hannu, wani shafi zai fito a ce masa an gode, to a nan za a sa hoton Alhaji, mara nauyi, wanda ba zai ci datar kowa ba.

Alhaji ya auna abin. "Wato duk wanda ya sa hannu sai ya gan ni?"

"Sai ya gan ka, ranka ya daɗe."

"Duka?"

"Daga hula har ƙirji."

"Da ido biyu?"

"Da ido biyu."

Ya ce to, don zaman lafiya ya haƙura.

Daga ranar abin ya kama kamar wutar kara. Aka yi ta tura shi a Watsap, daga zauren matan layi zuwa na 'yan ƙwallo, daga na masu keke zuwa na tsofaffin ɗalibai. Matan da Malam Haladu bai taɓa samun ganinsu ba suka sa hannu daga ɗakunansu. A wani bikin suna an ce sai da aka tsayar da rabon abinci aka zagaya da waya. Ranar farko mutum ɗari biyu da sittin. Rana ta uku an haura ɗari bakwai. Wani bawan Allah don tsabar kishi ya sa sunansa sau bakwai, har da na kakansa da ya rasu, sai da Kubura ta gyara ta ce kowace lamba sau ɗaya.

Kullum da safe kuwa sai Alhaji ya kira ta. Ba ya cewa mutum nawa suka sa hannu. Cewa yake, "'Yata, jiya mutum nawa suka gan ni?"

Da aka kai dubu da ɗari biyu sai abin ya tsaya. Kwana biyu ba ƙari sai ɗai-ɗai. Saura sati guda. Kubura ta rasa sukuni, ta dinga duba waya ko tana tuƙa tuwo. In ta je gaida mahaifiyarta ta ga an fara ɗora kaya a kan bulo, an naɗe tabarmi an rataye, sai ta sake zaro waya ta duba lissafin. Tsohuwar sai dai ta ce mata, "Ya aikin naku?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, Inna."

Ranar Talata da la'asar hadari ya haɗo, aka yi ruwan farko. Ba wani babban ruwa ba ne, ko awa bai yi ba, amma ya isa ya tuna wa kowa. Kwata ta tumbatsa, takalman masallata suka yi iyo zuwa bakin titi. Kubura ta fito da lema ta ɗauki hoton layinsu, ta cire tsohon hoton da ke shafin ta sa wannan, ta rubuta a ƙasa: Yau ke nan. Ba ta ƙara komai ba. Kafin sallar Juma'a suna ya kai dubu biyu da ɗari da arba'in.

Ranar Litinin aka ɗunguma sakatariyar ƙaramar hukuma. Alhaji ya sha sabuwar shadda fara ƙal, ya zo da mai hoto na musamman. Malam Haladu na rungume da takardun da aka buga, an ɗinke su kamar littafi. Kubura na biye da wayarta ko za a nemi wani bayani. Iya Asabe ma ta ce ƙafarta ƙafarsu, tunda katangarta ce ta fara faɗuwa, ta rufe tanda ta yafa mayafin zuwa biki.

Magatakardan majalisa wani dattijo ne mai tsanaki, irin waɗanda ke lasar yatsa kafin su buɗe shafi. Ya karɓi takardun, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi lambobi uku ya kira a gabansu, duka aka ɗauka aka ce ƙwarai, an sa hannu. Ya jinjina kai ya ce tun da aka fara karɓar koke bana bai ga wanda ya zo a tsare haka ba. Alhaji ya yi wa mai hoto alama ya matso.

Magatakarda ya ɗauko hatimi, ya hura shi, sai kuma ya dakata.

"Saura abu ɗaya. A ƙa'ida, wanda ya gabatar da koke dole ya kasance cikin masu sa hannu, in rubuta lambarsa a nan sama. Alhaji, sunanka na lamba nawa?"

Alhaji ya juya ya dubi Malam Haladu. Malam ya dubi Kubura. Kubura ta rubuta Sallau a wayarta ta nema. Ga Sallau mai faci. Ga Sallau tela. Ga wani Sallau Ɗanjuma na layin famfo. Ta sake nema da Alhaji a gaba. Ta nema da lambar wayarsa. Malam ya buɗe tsohuwar takardar da ya bi gidaje da ita, ya bi ta da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

Babu.

Magatakarda ya ajiye hatimin. Mai hoto ya sauke kyamararsa a hankali. Kubura ta buɗe shafin, ta miƙa wa Alhaji wayar da hannu biyu, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ranka ya daɗe, koren za ka danna. Ba ya ɗaukar lokaci."

Alhaji bai karɓa ba. Ya gyara babbar riga, ya dubi magatakarda, ya dubi jama'a.

"Haba, jama'a! Ni ne fa shugaba. Shekara shida fuskata na kan shafin nan dare da rana. Duk wannan bai isa ba, sai na sa hannu?"

Iya Asabe ta karɓi wayar daga hannun Kubura, ta danƙa masa a tafin hannu.

"Dangwala mu tafi, Sallau. Da a ce fuska tana yashe kwata, ai da taka ta gama mana aikin tun shekarar farko."